Ranar da Inna Ta Faɗi Sunana a Kotu

Mun ci! Wallahi mun ci shari'ar, kuma Inna ta faɗi sunana da bakinta, gaban alƙali, gaban ɗaki cike da mutane. Ni Balkisa, wadda tun da aka haife ni ba ta taɓa kirana da komai ba sai "ke" da "waccan". Takardar hukuncin tana nan kan cinyata yanzu haka, a talho, wayar hannu, nake rubuta wannan, babban yatsana har zafi yake yi, don haka in kun ga na yi gaba na dawo baya ku yi haƙuri.

Ku nake rubuta wa, Nafisa da A'isha, ƙannena. Lokacin da abin ya faru kuna ƙanana, aka kwashe ku aka kai Dawce wurin Gwaggo, kuma abin da kuka taso kuna ji a bakin pampo shi ne wai Inna ta kai masu kilinik ƙara don kwaɗayi. Ƙarya ce tsagwaronta. Ina wurin daga farko har ƙarshe, ga yadda aka yi.

Shekarar da zan yi bak ce, jarrabawar gama sakandare, karo na farko. An gama kaka, Baba ya tafi ci-rani Ikko wurin teburin shayinsa kamar kowace shekara, gida ya rage daga mu sai Inna. Kun san Inna da kitso, amma ba ku san ta da yatsu goma ba. Tab! Daga Kurni ake ɗauko amarya a kan babur a kawo ta ƙarƙashin dogon yaron tsakar gidanmu, Inna ta zauna kan turmi, kafin mai fura ta zagayo an gama shuku, layi kamar da rula aka ja. Kuma mace ce da ba ta cewa wayyo. Ranar da ta haifi A'isha ina tsakar gida ina wanke-wanke, ban san komai ba sai da na ji kukan jaririya. Ni kuwa da nake ƴar fari, kunyata take ji kamar surukarta. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yabona, sunana kuwa ko da kuskure. In tana so in ci abinci sai ta juya wajen bango ta ce:

"Akwai tuwo a kwano, in wani na so."

Har ƙawayena na lakwal, wato makaranta, suka maida "Waccan" sunana. In mushe, malaminmu, ya kira Balkisa, sai ka ji daga baya an ce, "Waccan ta zo!" Ina dariya tare da su, amma can ciki ina so ko sau ɗaya in ji yadda sunan zai fito a bakinta.

Ranar da abin ya faru, na sa kayan lakwal ina neman takalmina, ita kuma ta sa hannu cikin tarin karan gero za ta hura wuta. Ba ta yi ihu ba. "Bismillahi" kawai ta ce, ta zauna a ƙasa. Da idona na ga kububuwa ta sulale ta bi gindin katanga. Hannun dama ne, tsakanin yatsan nuni da na tsakiya. Na yar da jaka, na tsayar da kabu-kabu, na rungume ta a baya muka tafi wata kilinik mai zaman kanta. Lauyarmu ta ce kar in faɗi sunanta, dakor, na yarda, ba zan faɗa ba. Ita ce kusa da mu, kuma kowa ya san suna ajiye allurar maciji a firigo, akwatin sanyi. Ƴan lakwal ma ba su gama wucewa ba muka isa.

Wata ma'aikaciya ce a tebur. Ta ɗaga mayafin Inna ta leƙa hannun.

"Sannu Inna, ya jikin?"

"Da sauƙi."

"To ku zauna a benci. Makullin firigo na wurin majoro, ya ɗan fita, yanzu zai dawo."

Majoro shi ne babban ma'aikacin jinya mai riƙe da wurin. Daga baya muka ji ashe bikin suna ya tafi Dungu, makulli na cikin aljihun babbar rigarsa. Muka zauna. Na yi wa Baba bokal na farko, saƙon murya a talho, na ce maciji ya sari Inna amma mun zo kilinik, kar ya damu. Hantsi ya yi. Hannu ya fara hawa kamar ana hura shi. Duk wanda ya shigo yana ihu sai a yi ciki da shi, Inna kuwa ta rufe nata da mayafi, ta miƙe baya, har tana yi wa masu shigowa sannu. Wajen azahar na ga tana tofi a gefen ɗankwali tana ɓoyewa. Na fizgo na duba, jini ne daga dasashinta. Na koma tebur, ban san ko karo na nawa ke nan ba.

"Madam, ko mu tafi babban asibiti?"

"In kun tafi kuma ya zo fa? Can ma layi za ku tarar. Ke dai ki yi haƙuri, yanzun nan zai shigo."

Na koma na zauna. Wannan zaman har gobe yana cina. Ni da nake musu da mushen falsafa har a kore ni daga aji, aka ce in zauna na zauna. Na yi wa Baba bokal na biyu. Aka kira la'asar muna kan bencin nan, na yi na uku ina kuka. Sai ga majoro, ƙamshin turare ya riga shi shigowa, da ledar naman suna a hannu. Yana ɗaga mayafin fuskarsa ta canza. Nan da nan aka buɗe firigo, aka yi allura, aka rubuta mana takardar Damagaram. A can suka ceci ranta, Allah ya saka musu. Amma yatsun nan biyu sun riga sun yi baƙi, bayan kwanaki aka yanke su.

Ranar da za a sallame mu wani lokotoro, wato likita, yana duba karnen Inna, ɗan littafin nan da ake rubuta ciwon mutum a ciki, sai ya girgiza kai.

"Ku mutanenmu ke nan. Sai kun gama da masu maganin gida sannan ku tuna da likita."

Na karɓi karnen na karanta. Da Faransanci aka rubuta, da hatimin kilinik: wai an kawo ta ƙarfe uku da rabi na yamma, wai maƙwabciya ce ta kawo ta, wai ta fara tsayawa maganin gargajiya a gida.  A mota na fassara wa Inna, kalma bayan kalma.  Ta karɓi karnen da hannun hagu ta sa cikin zaninta. Kafin mu warware kaya labarin ya riga mu shiga unguwa. Masu zuwa dubiya suna cewa sannu, suna ƙarawa da, "Da kin sani da kin tafi da wuri." Wata har ta ce ina amfanin ƴar boko a gida.

Bayan sati biyu sai ga Kawu Sani, yayan Inna, tare da wani dattijo daga wurin mai kilinik. Sun zo da goro cikin ƙwarya, da sukari, da sabulu. Kun san yadda abin yake a Matameye: in manya suka shigo da goro, ka sa hannu ka ɗauka, magana ta mutu, ko a lahira ba ka tashe ta. Kuma Inna ba ta taɓa yi wa Kawu musu ba, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu. Tana daga cikin ɗaki bayan labule, ni ina bakin ƙofa.

"Hadiza," in ji Kawu, "ƙaddara ce. Abin da Allah ya rubuta babu mai gogewa. Mutanen nan sun zo ban haƙuri, ki ce kin yafe mu tashi."

Sai muryarta ta fito, a hankali kamar kullum.

"Yaya, yatsu na yafe. Wanda ya ba ni su shi ya karɓa. Amma abin da ke cikin karnen nan ba Allah ya rubuta ba, mutum ne da biro. A goge a rubuta lokacin da na zo, shi ke nan, in ɗauki goro."

Dattijon ya yi gyaran murya ya ce ai abin da ya shiga babban littafin kilinik ba ya gyaruwa, doka ce.

"To ku koma da goronku."

Wayyo Allah! Na ga hular Kawu ta motsa. Shekara nawa ina cikin gidan nan, ban san matar da ke bayan labulen ba sai ranar. Suka tashi da ƙwaryarsu, Kawu ko sallama bai yi ba. Da suka fita sai ta juya wajen bango ta ce:

"In akwai wanda ya san inda ake kai irin wannan magana, ya nema."

Wala, shi ke nan, aikin ya faɗo kaina. Mushen falsafar nan da nake wa musu shi ya haɗa ni da wata lauya a Damagaram, ƴar ƙaramar mace mai gilashi, kowa Metur yake ce mata. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba, sannan ta ɗaga biro.

"Ki gane, ƙanwata. Ba za mu ce su suka sare ta ba, maciji ne. Ba za mu ce dole kowa ya warke a hannunsu ba. Abin da za mu nuna shi ne sun ajiye ta, ba su yi mata magani ba, ba su tura ta gaba ba, kuma wannan ajiyewar ce ta ci yatsun. Komai yana kan lokaci. Su suna da littafi da hatimi. Ke me gare ki?"

Na ce ai mutane cike da benci sun gan mu. Na bi su gida gida. Kowa sai ya ce, "Ƴata, gobe in ɗana ya yi zazzaɓi ina zan kai shi?" Mai kabu-kabu ya ce shi fasinja ba ya ƙirguwa, bai tuna ba. Da na koma hannu biyu, Metur ta ce ko na kira wani a ranar. Na ce bokal uku na yi wa Baba. Ta miƙe tsaye.

"Ba ni talhon!"

Ni kuwa na goge. Na goge su tas don in samu wurin bidiyon bikin wata ƙawata. A ofis ɗin nan na zauna a ƙasa na yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Na kira Baba, ya ce shi bai san inda ake duba tsohon saƙo ba, kuma ma a bar wa Allah, shi ba ya son a ce matarsa ta shiga kotu.

Sai da damina ta kusa ya dawo. Kun tuna tsohon talhonsa mai fasasshen gilashi, wanda yake ɗaure da roba? Na karɓa wai zan sa masa caji. Ina buɗewa na ga ashe Baba bai taɓa goge bokal ko ɗaya ba tun da ya sayi talhon. Duk muryoyinmu suna ciki, har da Nafisa tana karanta masa Fatiha da tsamin baki. Ashe in kasuwa ta yi sanyi su yake kunnawa a teburin shayi. Na yi ta ja har na iso ranar. Ga su nan, uku, kowanne da lokacinsa a gefe. Na farko ƙarfe takwas da minti arba'in na safe. Na kunna a tsakar gida. Bayan muryata, tar, sai ga ma'aikaciyar nan tana gaya wa wani cewa makulli na wurin majoro. A na uku ana jin kiran sallar la'asar, ana jin kukana, sannan can ƙasa muryar Inna:

"Ke, bar kuka, mutane na kallo."

Baba ya ce a Ikko hayaniyar motoci ba ta bar shi ya ji wannan wurin ba. Ya sa na maimaita sau uku. Sannan ya cire robar, ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya miƙo mini.

"Kai wa matar nan taku."

Ba zan ce muku abin ya zo da sauƙi ba. Masu zuwa kitso suka ɗauke ƙafa, wasu don hannun, wasu don matar mai kilinik ƙawarsu ce. Kawu Sani ya daina shigowa, ko da Sallah. Baba bai tafi ci-rani ba a shekarar da ta biyo, ya zauna yana dakon rake. Ni kuwa tsakanin Matameye da Damagaram, yau takarda gobe hatimi, bak ta zo ta wuce ta bar ni a ƙasa. Ranar da aka kira sakamako ban ji sunana ba, na dawo na kwanta. Inna ta ajiye kwano a bakin ƙofa ta ce wa bango, "Wanda ya faɗi bana ai baɗi na nan."

Kotu ta sa wani babban lokotoro ya duba dosiyen, takardun ƙarar duka, ya rubuta cewa irin wannan sara in aka yi allura da safe, da wuya a kai ga yanka. Sai aka sa ranar zama. Ɗakin ya cika har taga, rabin unguwarmu sun zo kallo. Aka kunna bokal. Lauyan kilinik, wani dogo mai murya kamar ta rediyo, ya tashi ya ce murya dai murya ce, wa ya san ta wace ce, littafinsu ya ce maƙwabciya ce ta kawo ta da yamma. Sai alƙali ya ce a kira Inna. Ta fito da mayafinta na Sallah, hannun a ɓoye, tafinta mai fassara yana gefenta. Ni dai na san ta, gaban maza uku ma ba ta magana.

"Malama, kina da agogo?" in ji lauyan.

"Ba ni da shi."

"To ta yaya kika san lokacin da kika zo?"

"Da na zauna a bencinku mai koko ba ta tashi daga ƙofa ba. Inuwar katanga tana kan ƙafata. Ina nan ta janye ta bar ni cikin rana. A nan na ji azahar, a nan na ji la'asar. Ban yi su ba, sai a Damagaram na rama."

 Lauyan ya duba takarda.

"Amma da aka tambaye ki, da bakinki kika ce da sauƙi."

"Haka aka koya mini. Ita da ta tambaya ai ta ɗaga mayafin, ta gani."

Sai ta zaro hannun ta ɗaga sama, yatsu uku, ta juya shi yadda na baya ma za su gani. Tun da aka yanke, ko Baba bai taɓa ganin hannun a fili haka ba. Alƙali ya ajiye biro ya tambaye ta da kansa, wa ya kawo ta, muryar wa ke cikin talhon.

"Ɗiyata ce."

"Sunanta?"

Na ji matan unguwarmu sun ja numfashi. Inna ta sunkuyar da kai. Tafinta ya matsa ya ce, ranka ya daɗe, ƴar fari ce. Alƙali ya gyaɗa kai, ya ce ya gane, ba komai, mijinta ya faɗa a rubuta. Baba har ya fara miƙewa. Sai Inna ta ɗaga hannun nan ta tsayar da shi.

"A'a. Shiru na yi a benci har aka rubuta mini abin da aka ga dama. Wannan ni zan faɗa."

Ta juyo. Ta kalle ni, ido cikin ido.

"Balkisa. Sunanta Balkisa. Ni na haife ta, ita ta ɗauko ni, ita ta yi ta zuwa tebur ana koro ta. Ba ta yi laifin komai ba. Ku rubuta."

Ƴan uwana, ban taɓa sanin haka sunana yake da nauyi ba. A hankali ta faɗe shi, kamar abin da ta daɗe tana ajiye da shi a ƙasan akwati. Kuma ashe ta san abin da ke cina tun ranar bencin, ban taɓa gaya mata ba. Na waiwaya don in ɓoye fuskata, sai na ga Kawu Sani tsaye a bakin ƙofa, ya cire hula yana share ido da ita.

Hukunci ya fito bayan makonni, takardar kuma yau ta iso hannunmu. Kotu ta ce kilinik ta yi sakaci, ta ajiye mara lafiya ba magani ba turawa, ta ce su biya diyya. Wannan ba shi Inna ta tambaya ba. Layi ɗaya ta ce in nemo mata. Na nemo: an tabbatar cewa Hadiza ta iso ƙarfe takwas da minti arba'in na safe, tare da ɗiyarta, kai tsaye daga gida. Ta sa na fassara sau uku. Sannan ta ɗauko tsohon karnen, ta ce in na gama rubutuna in ninke takardar in sa a daidai shafin ƙaryar, su zauna tare.

Na ci bak a karo na biyu, yanzu shari'a nake karantawa a Damagaram, kuma kun san dalili. Ɗazu na lallaɓa na kunna talho na ce:

"Inna, don Allah sake faɗin sunan nan sau ɗaya, in ɗauka a bokal."

"Ke, tashi ki ba ni wuri."

Ta juya wajen bango, sannan ta ce in akwai mai son kitso ya kawo kansa kafin rana ta yi. Yanzu haka ina zaune a ƙasa tsakanin gwiwoyinta, tana ja da yatsu uku, a hankali, amma layin na nan kamar da rula.

Nafisa, A'isha, ku karanta ku riƙe. Sannan don Allah ku tura wa wasu, duk wanda ya samu shi ma ya tura gaba, har ya isa bakin pampo. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa. In kun kai mara lafiya aka ce ku zauna, ku duba lokaci, ku faɗi cewa da zafi, in an ce yanzu zai zo ku tambaya ina ne gaba. Kuma kar ku goge bokal.